Ƙaramar Bindiga a Gaban Beyar: Daga Kogin Misuri Zuwa Dutsen Terrace

A ranar 7 ga Afrilu, 1805, ayarin da Shugaban Amurka Thomas Jefferson ya tura binciken yammacin ƙasar ya tashi daga sansaninsa na Fort Mandan, a yankin da yanzu ake kira Dakota ta Arewa, ya bi kogin Misuri ya nufi yamma a ƙarƙashin jagorancin Meriwether Lewis da William Clark. Sun ci hunturu tare da mutanen Mandan da Hidatsa, 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka sha ba su labarin wata dabba da ke gabansu, wato beyar ɗin da ake kira girizli, mai kaurin jiki da yalwar gashi, mai tozo a kafaɗa, mai farata da suka kai tsawon yatsun mutum. Masu masaukin sun shaida musu cewa ba sa tunkarar wannan dabba sai sun haɗu su shida, ko takwas, ko goma, kuma sai sun yi shiri irin na fita yaƙi. Lewis ya saurara, amma a ransa ya ɗauki tsoron a matsayin na mai kwari da baka, tunda shi mutanensa na saɓe da dogayen bindigogi, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, a harba sau ɗaya sannan a sake ɗuri, kamar adakar maharbanmu.

Haɗuwarsa ta farko da dabbar ta ƙara masa wannan zato. A ranar 29 ga Afrilu, jim kaɗan bayan sun wuce inda kogin Yellowstone ke shiga Misuri, ya kashe wani matashin girizli, ya kuma rubuta a kundinsa cewa dabbar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba matuƙar bindiga na hannun gwani. Ba a yi mako guda ba gani ya kori ji. A ranar 5 ga Mayu, Clark da maharbin ayarin, George Drouillard, suka yi kiciɓis da wani ƙaton namiji a bakin kogi, suka zuba masa harsashi goma, biyar daga ciki suka ratsa huhu, duk da haka dabbar ta faɗa ruwa ta yi iyo fiye da rabin faɗin kogin, ta hau wani tsibirin yashi tana ruri, ta yi kusan minti 20 kafin rai ya yi halinsa. Da suka auna gawar, tsawonta ya haura mita biyu da rabi, nauyinta kuwa Clark ya ƙiyasta shi a wajen kilo 230, Lewis ya ce ya kai 270.

Kwana tara bayan haka, a ranar 14 ga Mayu, maharba shida daga cikin ƙwararrun ayarin suka hangi wani beyar kwance a fili, suka laɓaɓa har ya rage taku 40 tsakaninsu da shi, bayan sun shirya cewa huɗu za su harba, biyu su riƙe nasu harbin don ko-ta-kwana. Harsasan huɗun duk sun same shi, biyu ma a huhu, amma sai ya zabura ya yo kansu baki buɗe. Sauran biyun suka harba, ɗaya ya karya masa kafaɗa, wannan ma bai tsayar da shi ba. Mutum biyu suka ruga wajen kwalekwale, sauran suka ɓuya cikin ƙirare suna ɗuri suna harbi, kowane harbi kuwa nuna masa inda suke yake yi, har ta kai biyu daga cikinsu suka jefar da bindigoginsu suka dira cikin kogi daga gaɓa mai tsayin wajen mita shida. Dabbar ta bi su cikin ruwan, ta kusa cin ma na bayan, kafin wani da ke kan tudu ya same ta a ka. Da aka feɗe ta, an tarar harsashi takwas sun ratsa jikinta ta fuskoki daban-daban.

Darasin da ya fi waɗannan nauyi ya zo wa Lewis shi kaɗai, a ranar 14 ga Yuni, kusa da manyan magangaran ruwa na Great Falls a Montana ta yau. Ya harbi wani ɓauna, ya tsaya yana kallon faɗuwarsa, ya manta bai sake ɗura bindigarsa ba, sai ya waiga ya ga beyar ya matso har taku 20. Ya ɗaga bindiga, nan take ya tuna babu komai a cikinta, ga fili fetal babu itacen hawa. Ya sheƙa da gudu ya faɗa kogi har ruwa ya kai masa ƙugu, ya juyo ya auna dabbar da ɗan mashin da yake dogarawa. Beyar ɗin ya iso bakin ruwa, ya juya ya arce, kuma har Lewis ya bar wurin bai gane dalili ba. Abin da ya ƙudura a ransa a wannan yammaci shi ne cewa bindigarsa ba za ta ƙara zama wayam ba fiye da lokacin da ɗuri ke ci.

Cikin ƙarnin da ya biyo baya, bindiga ta sauya kama ƙwarai. Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, dogayen bindigogi masu cin harsashi da yawa suka bazu bayan yaƙin basasar Amurka, makiyaya da masu haƙar zinariya suka mamaye yamma da tarko da guba da dalma. Girizli da aka ƙiyasta yawanta da kimanin 50,000 a jihohin da ke kudu da Kanada ta ragu zuwa ƙasa da 1,000, ta ɓace ƙurmus daga Kalifoniya a shekarun 1920 ko da yake hotonta na nan a tutar jihar, har a 1975 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin dabbobin da doka ke karewa. Da haka tambayar wane makami ya dace da beyar ta koma wani gida. Waɗanda suka rage suna cuɗanya da manyan beyar su ne masunta da masu binciken ƙasa da ma'aikatan gandun daji da matuƙan ƙananan jiragen sama, galibinsu a Alaska, inda har yau akwai kimanin 30,000 na beyar mai ruwan ƙasa, kuma inda namiji a tsibirin Kodiak ke iya haura kilo 600. Mutanen nan hannuwansu biyu na cikin aiki, doguwar bindiga kuwa nauyi gare ta, sau da yawa akan jingine ta a jikin itace ko a bar ta cikin jirgi. Daga nan ne sha'awar makamin da zai zauna a ƙugu ko a ƙirji ta taso.

A tsakiyar shekarun 1950, kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka fito da libarba da harsashin .44 Magnum, bayan doguwar fafutukar Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci na Idaho wanda ya daɗe yana gwajin ƙara wa harsashin libarba ƙarfi. Lambar tana nuni ne ga faɗin harsashin a ma'aunin inci. Daga baya aka sami .454 Casull, sannan .500 Smith & Wesson a 2003, kowanne ya fi na gabansa ƙarfi, kowanne kuma ya fi shi dukan hannun mai harbi, abin da ke jinkirta harbi na biyu. Duk da wannan ci gaba, ƙarfin .44 Magnum bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ƙarfin manyan bindigogin farauta ba. Ita kuwa dabbar halittarta ba ta sauya ba tun zamanin Lewis. Tana iya gudun da ya haura kilomita 50 a awa, wato kusan mita 15 cikin daƙiƙa guda, tana tahowa kai a sunkuye tana tsalle, kuma harbin huhu ko na zuciya, ko da zai kashe ta daga baya, yakan bar mata lokacin da ya ishe ta ta yi ɓarna. Abin da ke tsayar da ita nan take shi ne harsashin da ya sami ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, ko ya karya babban ƙashi, waɗannan kuwa ƙananan wurare ne a jikin abin da ke motsi.

Yayin da maƙeran bindiga ke ƙara girman harsashi, wani abu ya faru da ya karkatar da hankalin masana zuwa wata hanyar. A daren 13 ga Agusta, 1967, a gandun dajin Glacier na Montana, beyar biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19, ɗaya a Granite Park, ɗaya a tafkin Trout, alhali tun kafuwar gandun a 1910 ba a taɓa samun irin wannan kisa ba. Bincike ya nuna cewa dabbobin sun saba da cin abinci a juji da sansanonin baƙi, har tsoron mutum ya fita daga ransu. Hukumomi suka fara rufe jujin da ke cikin gandayen daji, kuma wani masani a Jami'ar Calgary ta Kanada, Stephen Herrero, ya duƙufa wajen tattara labarin kowane hari da musabbabinsa, aikin da ya zama littafi a 1985. A daidai wannan zamani, a Jami'ar Montana, Charles Jonkel da ɗalibarsa Carrie Hunt suka gwada abubuwa iri-iri a kan beyar da ke tsare, suka gano cewa feshin barkono mai ƙarfi yana juya ta, kuma daga wannan gwaji ne gwangwanin feshin da matafiya ke ratayawa a yau ya samo asali.

Hukumar gandun daji ta Amurka, wadda ma'aikatanta ke yini cikin ƙungurmin dajin kudu maso gabashin Alaska, ta so ta san abin da ya kamata ta riƙa ba su. A 1983 ta buga sakamakon gwajin da William Meehan da John Thilenius suka yi, inda suka harba harsasai iri-iri daga nisan yadi 15 suka auna yadda kowanne ke kutsawa. Manyan dogayen bindigogi irin su .458 Winchester Magnum da .375 H&H ne suka zo a sama, ƙananan bindigogi suka zo a ƙasa, kuma ita kanta .44 Magnum an karɓe ta ne a matsayin mataimakiya kawai. Shekara 12 bayan haka, a can tsibiran Svalbard na Norwe, aka ga iyakar ƙaramin harsashi a zahiri. A 1995, wasu ma'aikatan jirgin ruwa suka sauka a tsibirin Kiepertøya da fistol mai harsashin .22, farar beyar ta ƙanƙara ta far musu, harbin bai hana ta ba, ta kashe ɗaya ta raunata wani. Ƙa'idar hukumar Svalbard ta yau ta fifita doguwar bindiga daga .308 ko .30-06 zuwa sama, ƙarama kuwa ba a yarda da wadda ta gaza .44 ba. Haka nan sojojin sintirin Sirius na Denmak, masu ratsa arewa maso gabashin Girinlan da karnukan ja, suna riƙe fistol ɗin Glock mai harsashin milimita 10 a jiki, tare da doguwar bindiga a kan keken ƙanƙara.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce an yanke wa ƙaramar bindiga hukunci. Amma a ranar 2 ga Agusta, 2009, kusa da garin Soldotna na Alaska, wani jagoran masunta ya fita yawo da karnukansa a hanyar gidansa, ya ji karyewar kara a bayansa, ya waiga ya ga ƙaton beyar tsoho, ramamme, ya taho a guje ba gurnani ba gargaɗi. Ya zare libarbar .454 Casull yana ja da baya yana harbi, ɗaya daga cikin harsasan ya sami wurin da ya dace, dabbar ta kife ta zame har ta wuce inda ya tsaya da farko. Shi da bakinsa ya shaida wa manema labarai cewa sa'a ce ta yi aiki. A watan Fabrairu na 2010 wata sabuwar doka ta halatta ɗaukar bindiga cikin gandayen dajin tarayya, kuma a ƙarshen Mayu na wannan shekara, a gandun Denali, wani matafiyi ya harba wa girizli harsashi kusan tara da fistol .45 lokacin da ta nufi abokiyar tafiyarsa. Dabbar ta koma cikin duhuwa, washegari aka tsinci gawarta ba nisa da wurin. A duka biyun, makamin yana jikin mai shi, a ɗure, inda hannu zai kai gare shi ba tare da nema ba.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Da safiyar 5 ga Agusta, 2011, kusa da ƙanƙarar Von Post a Svalbard, farar beyar mai nauyin kilo 250, tsohuwa mai ciwon haƙora, ta shiga sansanin wasu ɗalibai 'yan Ingila suna barci. Igiyar gargaɗin da aka kewaye tantuna da ita ba ta tashi ba. Ɗaya daga cikin jagororin ya ɗauki doguwar bindiga ƙirar Mauser, wadda ƙarfinta ya isa, ya ja kunama sau huɗu ba ta tashi ba, saboda makullin kariyarta na wurin da ke sa harsashi ya faɗo ƙasa maimakon ya fita. Dabbar ta kashe yaro ɗan shekara 17, ta raunata mutum huɗu har da jagoran, wanda da raunin nasa ya tsinci harsashi a ƙasa, ya ɗura, ya harbe ta a ka.

A 2012, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young, tare da Herrero da abokan aikinsu, suka buga nazarin da har yau ake kafa hujja da shi. Sun tattara karo 269 da aka yi tsakanin beyar da masu bindiga a Alaska daga 1883 zuwa 2009. A inda aka yi amfani da doguwar bindiga, ta tsayar da dabbar a kashi 76 cikin 100, a inda aka yi amfani da ƙarama kuwa, wato karo 37, ta yi nasara a 31, kashi 84 cikin 100. Masanan sun nuna cewa wannan tazara ba ta kai a ce ɗaya ta fi ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa yawan raunin da masu bindiga suka samu bai bambanta ba, ko sun harba ko ba su harba ba, kuma babban dalilin gazawar makami, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne rashin lokaci. Sauran dalilan sun haɗa da cijewar bindiga, da makullin da aka kasa buɗewa, da kuskuren saiti, da tuntuɓe yayin ja da baya.

Shekara huɗu kafin wannan, Smith da Herrero sun riga sun buga irin wannan nazari kan feshin barkono, daga karo 83 tsakanin 1985 da 2006, inda feshin ya juya beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi suka tsira ba rauni. Ba daidai ba ne a ɗora alƙaluman biyu a sikeli ɗaya kai tsaye, domin da yawa daga dabbobin da aka fesa wa barkono neman abinci ko leƙe ya kawo su, kuma labarin da aka ji ciwo ya fi saurin shiga jarida fiye da wanda aka rabu lafiya. Duk da haka shawarar masanan a fili take, cewa wanda bai ƙware da harbi cikin firgici ba, feshi ya fi masa, tunda hayaƙinsa na bazuwa ba ya neman saiti. Ƙwarewar da suke nufi an gan ta a 2016 a zirin Alaska, lokacin da wani jagora da ya shafe sama da shekara 30 a daji ya kashe beyar da ya tsaya a kan baƙinsa biyu da suka faɗi cikin ciyawa, da fistol mai milimita 9 kacal, amma ɗure da harsashin dalma mai tauri da aka ƙera don kutsawa. Dokar Alaska ta yarda da irin wannan kisa don kare rai ko dukiya, bisa sharaɗin a kai rahoto, a kuma miƙa wa hukuma fata da ƙoƙon kai.

A ranar 14 ga Satumba, 2018, wani gogaggen jagoran mafarauta da baƙonsa suka hau dawakai zuwa dutsen Terrace a dajin Teton na jihar Wyoming, domin ɗauko naman wata babbar dabba dangin barewa da ake kira elk, wadda baƙon ya harba da baka da yammacin ranar da ta gabata. Jagoran yana da fistol ɗin Glock mai milimita 10, irin wanda sojojin Sirius ke riƙewa, amma da zai fara fiɗa sai ya cire shi da kubensa ya ajiye tare da kaya, 'yan taku kaɗan daga inda yake aiki. Suna cikin fiɗa uwar girizli da ɗanta suka gangaro a guje, uwar ta kama jagoran. Baƙon ya kai ga fistol ɗin, ya ja kunama bai tashi ba, domin babu harsashi a bakinsa, kuma cikin kiɗimewa da rashin sanin makamin ya zubar da kwanson harsasan. Dabbar ta juyo ta raunata shi, ya jefa wa jagoran fistol ɗin, ya samu ya hau doki ya nemi inda waya ke kamawa ya kira agaji. Washegari aka sami gawar jagoran, da gwangwanin feshinsa a ƙare, alamar ya kai gare shi bayan raunin ya riga ya yi tsanani.

Shekara 213 ke tsakanin yammacin da Lewis ya ɗaga bindiga wayam a Great Falls da ranar da aka ja kunamar fistol wayam a dutsen Terrace. A tsawon wannan lokaci ƙarfin harsashi ya ninka, amma mita 30 da ke tsakanin mutum da beyar mai gudu har yanzu daƙiƙa biyu ce. Tarihin ya tabbatar cewa ƙaramar bindiga mai harsashi mai nauyi da kutsawa ta ceci rayuka, ta kuma isa a hannun wanda ya ɗaura ta a jikinsa, ya ɗura ta, ya saba da ita har hannunsa na aiki kafin tunani ya iso. Ya kuma tabbatar cewa ba ta kai doguwar bindiga ƙarfi ba, ba ta kai feshi sauƙi ba, kuma ba ta maye gurbin tsabtar sansani, da tafiya cikin jama'a, da ɗaga murya a duhuwa don kada a yi wa uwa mai 'ya'ya ba-zata. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Mandan da suka gargaɗi baƙinsu a hunturun 1805 ba su riƙe makamin da ya kai na baƙin ba, amma sun san dabbar, shi ya sa ba sa zuwa wajenta sai su shida, ko takwas, ko goma, kuma sai sun gama shiri tun daga gida.